Yadda Na Mai da Ɗana Aji Ɗaya

Malam edita, lokacin da abin da zan ba ka labari ya faru, ni ɗan shekara arba'in ne da 'yan kai, mai sayen fatar akuya da ƙirgi a kasuwannin Wurno da Gandi da Goronyo. Ban gaji sana'ar ba, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Na bar ƙauyenmu ina saurayi na tafi Hajji a ƙasa, na sauke farali, a hanyar dawowa guzuri ya ƙare na tsaya Sudan. Na tsinci auduga a gonakin mutane, na sayar da gawayi, har na kafa rumfata ta sayen fatu. Can na auri ɗiyar mutanenmu, can anka haifi ɗana na fari. In na taɓa fata da yatsa biyu na san ko a inuwa anka shanya ta ko a rana, sai na ɗauka idon da ba ya kuskure kan fata ba zai yi kuskure kan komi ba.

Da mahaifina ya rasu munka kwaso iyali munka dawo gida. Yaron yana da shekara goma sha biyu, ya yi huɗu a makarantar gwamnati ta can, inda komi da Larabci ake yi: karatu, lissafi, labarin ƙasa, rubutun wasiƙa. Hausarsa kuwa ta tsakar gida ce, gauraye da Larabci, in ya buɗe baki yaran unguwa su kwashe da dariya.

Ina da baffa, ƙanen mahaifina, tsohon muhuti a kotun alƙali. Shi ya fara gwada yaron. Ya miƙa masa littafin fiƙihu ya karanta ba tuntuɓe, ya ba shi rabon gado mai sarƙaƙiya ya warware kafin tsohon ya gama tauna goronsa. Baffa ya kira ni gefe ya ce in kai shi birni, makarantar da ake horar da masu aikin shari'a da Larabci, shi zai rubuta takardar da za a karɓe shi. Ya ce mini yaron ga an riga an jeme shi, kada in sake jefa shi cikin ruwan toka. Amma ni raina yana wani wuri. Duk mako nakan kai fata kantin Turawa a Sakkwato, inda wani akawu mai gajeren wando, wanda a shekaru na haife shi, zai ware fatuna ya ce wagga lamba ɗaya, wagga lamba uku, ya rubuta da Turanci, ba ni da bakin musu. Bayan teburin wancan akawu nake son in ga ɗana. Na ce wa Baffa alƙali ɗaya ake naɗawa a gari, akawu kuwa kowane kanti da kowane ofishin En'e na nema. Ya tambaye ni mi ya kai ni auna ɗa da sikelin kanti. Na yi dariya na ce tsufa ne.

A wancan zamani in yaran hakimi sunka fito neman 'yan makaranta, ɓoye ɗiya ake yi cikin rumbu. Ni da ƙafata na kai nawa elementare. Hedimasta mutumin kirki ne, bai ruɗe ni ba. Ya ce takardar Sudan ba ta da gurbi a tsarinsu, tun da yaro bai san boko ba sai aji ɗaya, kuma ya yi girma. Yadda suke aunawa shi ne yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓa kunnensa, nawa hannunsa har ya wuce kunnen. Na rantse shekararsa takwas, na ce abincin can ne ke sa tsawo. Hedimasta ya ce, Alhaji, zai rubuta takwas tun da yara yake nema, amma in sani nan da shekara huɗu jiki zai ƙaryata takarda. Da na koma gida uwarsa ta tambaye ni ko na ji ta bakin yaron. Na ce tun yaushe ake shawara da ɗa.

Haka yaron da ke raba gado ya zauna tsakanin 'yan shekara bakwai yana ƙirga tsakuwa daga ɗaya zuwa goma. Hannunsa ya saba farawa daga dama, ya sha bulala a kan haka. Yara sunka laƙaba masa Baban Aji. Wata ranar kasuwar Gandi ya same ni a rumfa ina jera fatu, ya durƙusa ya ce, Baba, don Allah in bar shi ya koma wurin Baffa. Da Larabci ya faɗa, don in abu ya kai masa zuci Hausa guduwa take yi daga bakinsa. Na amsa masa da Hausa gaban mutane, na ce kada in ƙara jin Larabci a gidana in ba a salla ba, sai ran da ya iya Turanci. Ranar na kwashe littattafansa na kulle cikin akwatin ƙarfe. Abin kunyar shi ne sai da ya shekara na gane a elementare da Hausa ake karatu, Turancin kirki sai an shiga midil. Ni da ban taɓa sayen fata ban juya bayanta ba, na ba da ɗana ban tambayi abin da ake koyarwa ba.

Ya daure ya gama shekara huɗu, shi ne na ɗaya. Da Baturen makaranta ya zo zaɓen masu zuwa midil, ya dubi gashin da ya fara tsiro masa a haɓa, ya ji muryarsa, ya ce wa tafinta wanga ai magidanci ne, gurbin na yara ne. Lokacin Baffa ya riga ya rasu tun da damina, ba mai rubuta muna takarda. Duk da haka na ɗauki yaron munka tafi waccan makaranta ta birni. Malamin ya ba shi littafi, yaron ya riƙa cijewa kamar jaki a laka, malamin ya ce ya je ya tuna karatunsa ya dawo. A kanti kuma sunka ce mai takardar elementare ba Turanci sai dai masinja. Da munka dawo na buɗe akwatin na tura masa littattafan. Ya ce in bar su inda suke, ba ya da abin yi da su.

Yau shekara goma sha biyu ke nan. Yana Goronyo yana noman albasa a fadama, ya yi aure, yana zuwa gaishe ni duk Juma'a, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ban ƙara ganinsa riƙe da takarda ba, ta boko ko ta Larabci. Bana ɗansa ya cika bakwai. Ya kawo mini shi ya ce in zaɓa masa makaranta, tun da ni na iya zaɓe. Na duba fuskarsa ko zan ga fushi, babu, da ma akwai da na ji sauƙi. Na ce shi ne uba, shi ya zaɓa. Ya ce shi bai kai ƙarshen ko ɗaya ba, da mi zai gane mai kyau.

Ban ce boko mugun abu ba ne, ni kaina da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, da shi nake rubuta wagga takarda. Amma ku masu dawowa daga Sudan da Gwanja da Makka da ɗiya a hannu, ku fara duba abin da yaro ya zo da shi kafin ku duba abin da kuke so. Ku tambaya da wane harshe ake karatu, wane aji za a sa shi, shekarunsa za su kai shi ƙarshen hanyar ko a tsakiya za a tsai da shi. Ku tambayi yaron kansa, ya fi ku sanin abin da ke kansa. Fata in ta lalace a majema akan sayo wata, shekarun yaro ba kasuwar da ake sai da su. An buɗe makaranta wata biyu ke nan, jikana yana gida yana korar awaki daga shukar albasa. Ubansa yana jirana, ni kuwa har yau ban zaɓa masa makaranta ba.