Su Gwaggo Sun Tare Hanya

A shekarun da Nasara suka shigo ƙasarmu, hanyar Karofi zuwa Barkiya turba ce ta ƙafa, ciyawa har gindin sirdi. Ita na bi ranar da na tafi neman 'yar Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Mahaifina malami ne, yana karantar da dattawa masu furfura, amma in ta yi tari a zaure sai ya gyara zama. Duk Barkiya Gwaggo ake ce mata, har waɗanda suka girme ta, kuma ba wanda zai rantse ya taɓa ganin haƙoranta. Ni kuwa ina son 'yarta, son da ya hana ni jin daɗin tuwo. Iyaye maza sun yarda, saura ita. Ta aiko cewa in zo da kaina ta dube ni, kuma in zo da hantsi.

Malam ya ba ni bidinsa, tsohon doki mai taurin kai. Aka ɗaura mini burgami, jakar fata, cike da goro da nakiya. Bidi ya tsaya shan ruwa a kowane rafi, ya tsaya kallon kowace makwarwa, har rana ta take tsaka ban kai rabi ba.

Kusa da wasu duwatsu na iske wani tsoho yana tsaron dawarsa da majajjawa. Muka gaisa. Ya ce, "Samari, in gaba za ka, ka bi sannu. Su gwaggo na nan bayan dutsin ga, sun tare hanya tun hantsi. Babbar kuwa yau ranta a ɓace yake."

Na ce a raina shi ke nan, ta gaji da jira ta fito da kanta, har da 'yan rakiya. Ko kaɗan bai zo mini ba cewa mutanen wajen, da suka saba da ɓarnar gwaggon biri, sun daina wahalar ƙarasa sunan.

Bidi ya fi ni hankali. Muna dosar dutsen ya kafa kunnuwa, ya yi turjiya, yana huci. Na ce masa, "Kai ma ka san ta ke nan." Ba a iske babba ana kan doki, balle wadda kake so ta zama surukarka. Na sauka, na tuɓe takalma, na kwance burgamin na rungume, na ja ragama muka zagaya. Da na ga inuwoyi a gindin tsamiya sai na durƙusa, na sunkuyar da kai, don ba a kallon surukai a ido.

Na ce, "Gwaggo, barka da rana. A gafarce ni, dokin ne."

Na ajiye burgamin na tura shi gaba da hannu biyu. Sai na ji an yi wani irin tari mai kauri. Ai kuwa irin tarinta ne. Na ƙara yin ƙasa da kai. Sai da na ga hannun da ya miƙo ya ɗauki goron, gashi har yatsu, sannan na ɗaga ido.

Garke guda ne na gwaggon biri, manya da 'ya'ya a goye. Babbar tana zaune gabana kamar mai jiran ƙarin bayani. Tsoro ya sa na yi mata murmushi, ashe nuna wa biri haƙora neman faɗa ne. Ta nuna mini nata. Bidi ne ya cece ni: ya yi haniniya, ya tashi da ƙafafun gaba, suka ɗan ja baya. Na rufe bakina, na ja da baya sannu-sannu har na sami likkafa. Muka ratse ta cikin gona, takalmana na can, nakiya ana rabo.

Na isa Barkiya da la'asar, ba goro, ba takalmi. Na so in yi ƙarya, amma idonta bai bar ni ba. Na faɗa mata komai ina kallon ƙasa, na tabbata na rasa yarinyar.

Ta ce, "To, tunda waccan gwaggon ta amshi goro, sai ka koma ta ba ka ɗiyarta."

Sai na ji wani sauti da ban sani ba. Na saci kallo, ashe dariya take, har da hawaye, kuma haƙoranta lafiya lau. Da ta natsa ta kira 'yarta daga ɗaki ta ce, "Kawo ma shi ruwa ya wanke ƙahwa. Wanda ya tuɓe min takalmi tun bai gan ni ba, ba zai wulaƙanta ki ba."

Har ta koma ga Allah, duk ranar da na je gaishe ta, sai ta tambaye ni lafiyar takwararta.