Na Ƙi Toshe Kunnena Don In Ji Kiran Tsoho

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru shekarata talatin da ɗaya, bazawara ce ni 'yar zangon Kumasi, muna haya ɗaki ɗaya da wata 'yar garinmu a unguwar University Heights, can ƙasar Turawa. Taurin kaina kuwa kowa ya shaida shi, in na ce na sani to magana ta ƙare. Na yi shekara uku ina kitso a shagon wata kafin in samu takardar aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wurin da aka fara tura ni gidan wani tsohon Bature ne mai zaman kaɗaici, yana kan keken guragu, kunnensa kuma sai ka yi ihu kafin ya ji.

A sati na biyu ya gaya mini cewa duk ƙuruciyarsa bin makaɗan rok, wato kiɗan Turawa mai tsananin ƙara, ya yi gari-gari yana haɗa musu lasifika, kuma can ya baro kunnuwansa. Ya ce shi ba ya son mai aikin da za ta girke shi gaban talabijin. Lokacin zafi ana wasan kiɗan da la'asar a filayen shaƙatawa, yana so in riƙa tura shi can. Na ce a raina, ni da hijabina me ya haɗa ni da masu gashi buzu-buzu? Amma sabon aiki ne, ban so a ce daga zuwana na fara zaɓe.

Ranar farko ya sa na tura shi har gindin lasifika, don ya ce kiɗan ba ya shiga kunnensa, a ƙirji yake jin sa. Sai ya zaro wasu 'yan soso guda biyu daga aljihu, ya ce in cusa a kunne tun ba a fara ba. Na karɓa, na juya baya, na jefa su a jaka. A gidanmu babban abin kunya ne babba ya kira ka ba ka amsa ba. Kakata da na yi jinyarta, ko tari ta yi ina gabanta. To ta yaya za a ba ni amanar tsoho in toshe kunne? Na kuma lallashi kaina cewa ɗankwali da hijabi ai sun isa kariya. Duk fitar da za mu yi sai ya ba ni sabbi ya tambaya ko na sa, ni kuma in gyaɗa kai. Ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hijabi, ƙaryar ta zauna daram.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, wallahi na so kiɗan nan. Idan mai ganga ya sake hannu, jita ta ɗauka, sai in ji duk kewar gida ta fita daga raina. Tsoho yana bubbuga hannun kekensa yana dariya, ni ina bayansa ina kaɗa ƙafa a ɓoye. Har ta kai ni ke tuna masa ranar wasa. Haka muka yi shekara biyu, in sanyi ya shigo mu koma manyan ɗakunan taro. Da farko in mun dawo sai in ji kunnena yana wani tsiii, kafin safiya ya daina. Daga baya ya daina dainawa. Abokiyar zamana ta fara mita wai na cika ƙure talabijin, kuma komai ta faɗa sai ta maimaita. Na ce ita ce ke magana kamar an cika mata baki da gari, muka yi kwana biyu ba ma gaisawa.

Wata Talata da rana ina kicin ina wanke-wanke, famfo na zuba. Tsoho ya shiga banɗaki, ya zame wajen komawa kan keke. Ƙofa ɗaya ce tsakaninmu. Na gama wankin kwanukana, na goge tebur, har shayi na haɗa masa ina 'yar waƙata, sannan na je na same shi a ƙasa, ƙugunsa ya karye, muryarsa ta dashe saboda kiran sunana. Innalillahi!

A asibiti bai yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni gaskiya tsakanina da Allah ko na taɓa sa soson nan sau ɗaya. Na buɗe masa aljihun jakata, ga su nan cunkus. Ya juya fuskarsa bango yana hawaye, yana cewa shi ya cuce ni. Na ce a'a, ni na cuci kaina na cuce shi. Bai sake komawa gidansa ba, 'yarsa ta kai shi gidan tsofaffi. Ni kuma likita ya gwada ni ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai na'urar ji. Ba wanda ya kore ni, da kaina na ajiye aikin na koma kitso, don ba zan iya karɓar amanar ran wani da wannan kunne ba.

Yanzu na gane tarbiyyar gidanmu ba ta yi laifi ba, ni ce na fake da ita don kada wani ya koya mini abin da ban sani ba. Mutumin da ya rasa kunnensa ya gaya mini yadda ake rasa shi, na yi masa ƙarya ina ganin ladabi nake yi. 'Yan'uwa masu gadi a wuraren wasa, da masu aikin gini, da matasanmu masu zuwa kallo, don Allah in an ba ku abin toshe kunne ku sa, ba raini ba ne. Kunne ba ya ciwo ya gargaɗe ka, a hankali yake tafiya. Ni dai tun wancan lokaci ban sake jin shiru ba, ko da goshina yana ƙasa a sujada ƙarar nan tana tare da ni.