Garkar Tama a Takarda

Illa gardi ne, wato mai gadi, a lakwal ɗin Garhanga, makarantar boko, kuma in ban da buɗe ƙofa da korar awaki ba wanda ya san shi da wata gwaninta. Da aka yi wa wani mushe, malamin lakwal ɗin, canjin wurin aiki, sai ya bar masa ɗan akwatin kaloli. Mushe akwarel yake ce masa, Illa kuwa ya ce bakinsa ba zai iya ba, fentin ruwa ke nan: ka jiƙa buroshi, ka shafi kala, ka ɗora a takarda. Tun daga nan ba rago ba tukunya da ta tsira daga hannunsa.

A shekarar fari ta 1984 ƙafafun mahaifiyarsa Yalwa suka daina ɗaukarta. Ita haifaffiyar Tama ce, aure ya kawo ta nan, kuma kullum zancenta ɗaya, garkar mahaifinta mai albasa da rijiya. Ta ce tunda ba za ta ƙara ganinta ba, ya je ya gano mata.

Illa ya hau jaki ya tafi. Ya tarar rijiya ta ƙafe, ƙasa ta tsage, ko tsinke babu. Zuciyarsa ta karaya, don ya san tunanin garkar nan ne yake riƙe da tsohuwar. Ya zauna a inuwa, ya tsiyaya cokali biyu daga ruwan shansa, ya zana garkar kore shar kamar yadda take ba shi labari. Sai da koren akwatin ya ƙare ƙaf.

Da ya komo gida ya miƙa mata, Yalwa ta daɗe tana kallon takardar.

"Ta ƙeƙashe ko, Illa?"

"Inna, mi kika gani? Ga ta nan ɗanya."

"Wa ka taɓa ganin ya taho daga Tama hannu sake? Da tana da rai, albasa za ka kawo mani tsaraba."

Wayon nasa duka, ya manta da wannan. Kunya da tausayi suka rufe shi, ya miƙa hannu zai karɓe takardar. Ta janye ta, ta danne a ƙirjinta.

"Bar mani abuna," in ji ta. "Waccan ta Baba ce, ta tahi. Wagga ɗana ya shibka mani ita."