Aron Ƙafa

Yayana direba ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan manyan ma'aikata, tun suna Legas har aka kwaso su Abuja suka cika mana Suleja da haya. Ni kuwa faci nake yi a bakin titi. Da aka sallame shi daga aiki, abu ɗaya ya sa a gaba: ya sayi babbar mota 'yar Kwatano, irin wadda ya saba buɗe wa wasu ƙofarta, ya ja abarsa da kansa.

Ƙafarsa ce matsalar. Ciwon suga ya riga ya kama ta hagu, yatsun sun yi baƙi, takalmi ma sai silifa. Kuma da hagu ake taka kuloci.

Ni na raka shi filin wani dillali Ibo a Bagama. Motoci biyu muka tarar ƙirar Jamus, kujerun fata, ko'ina ƙamshi. Ɗaya otomatik, ɗaya mai giyar hannu.

Na ce, "Yaya, ɗauki otomatik ɗin nan. Ƙafar dama kawai take so."

"Auta, ni kake wa tallan motar amare?"

"Ƙafarka nake ji."

"Taka ce? In batir ya mutu a daji, uban wa zai tura otomatik ta tashi? Wane bakanike ne a garin nan ya taɓa buɗe cikinta?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi.

Ya shiga mai giyar hannun, ya ja birkin hannu, ya sa babbar giya, ya saki kuloci a hankali. Injin ya yi tari ya mutu.

Dillali ya ɗora hannu a ka. "Oga, ka kashe mini mota!"

"Da ba ta mutu ba, da ban saya ba. Kulocinta na da rai."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba, don na ga yadda ya cije leɓe lokacin da ya taka.

Shi ya jawo ta har gida, unguwar Hashimi. Da ya fito, silifarsa ta jiƙe da jini. Tuƙinsa ke nan a cikinta, na farko kuma na ƙarshe. Kafin damina ta wuce aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

Motar ta zauna ƙarƙashin mangwaro. Kullum da safe sai ya dogara sanduna ya je ya tayar da ita, ya zauna a karkace yana sauraron injin. Dillalin ma ya zo duba shi, ya ce ɗayar tana nan, a yi musanya. Yaya ya yi masa godiya, ya sa aka kawo masa ruwa.

Wata Juma'a bayan an sauko ya ce, "Auta, wanke hannunka, zo ka ara mini ƙafa."

Na zauna a sitiyari, shi ya zauna a gefe, ya kama sandar giya da hannun hagu.

"Taka." Na taka, ya sa ta ɗaya. "Saki a hankali, ba famfon faci ba ne!"

Haka muka kama hanyar Lambata. Shi ke jin injin, shi ke cewa taka, ni nawa ƙafa da sitiyari. Motar tana tafiya kamar a kan katifa. Har na ji yana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Muka sayi rake a mararrabar Lambata, muka juyo.

A hanyar dawowa muka zo wani hawa, injin ya fara nishi. Na jira, ban ji ya ce taka ba.

"Yaya, giya."

Hannunsa na kan cinyarsa, fuskarsa na waje.

"Sa da kanka. Wannan ba tuƙi ba ne."

Na sa, ta yi ƙara, bai ko tsawata mini ba. Sai da muka shigo gari ya sake magana.

"Gobe ka nemo mai saye. Amma ka fara kawo mini shi, in ga yadda yake sakin kuloci."