Yajin Gwaggo Dije daga Laburare

Duk wanda ya san Gwaggo Dije ya san ba a ambatar sunan mutum a gabanta a wuce. Sai ta tsayar da kai ta ji ɗan wane gida ne, wace ce uwarsa, daga Balan aka auro ta ko daga Toranke. Wannan hali ba ya damun kowa a gidan suna. Amma ku ɗauki mace irin wannan ku ajiye ta a tsakiyar masu sauraron littafi, sannan ku zo ku tambaye ni abin da na gani, domin yayar mahaifina ce, kuma ni ce mai karantawa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rabi, ina koyarwa a firamare a nan Gaya. Shekarun baya na roƙi mai kula da laburaren garinmu, Malam Nafi'u, ya ba mu ƙaramin ɗakin baya duk Asabar da hantsi, matan aure su riƙa taruwa ina karanta musu littattafan Hausa muna tattaunawa, wadda take son koyon haɗa baƙi kuma a koya mata. Ya yarda, amma da sharaɗi: ranar da mata suka daina zuwa, ɗakin zai koma abin da yake a da, wato wurin jibge karyayyun kujeru. Na ɗauki abin nan da zafi ƙwarai, don yawancin matan ba su da inda suke zuwa sai asibiti da gidan rasuwa.

Ban gayyaci Gwaggo ba, Allah shi ne shaidata. Ranar farko ɗaga kai kawai na yi na gan ta ta shigo, tabarma a hammata, robar ƙuli-ƙulinta na sayarwa a ka. Ta kalli benci ta ce ita ba 'yar makaranta ba ce, ta shimfiɗa a tsakiyar ɗaki inda dole kowa ya kewaye ta.

Na buɗe littafi na fara: a wani gari an yi wani attajiri, ana ce masa Alhaji Mamman.

"Dakata," in ji ta. "Wane Mamman ɗin?"

"Gwaggo, na cikin littafi ne."

"Na ji. Ɗan wa ne?"

"Ba a faɗa ba."

"Mutum ya yi kuɗi har ya je Makka, a ce ba shi da uba? Koma baya ki duba, tsallakewa kika yi. Tun kina ƙarama gaggawa gare ki."

Na ajiye littafin na yi mata bayani a tsanake, cewa wani ne ya zauna ya ƙirƙiro labarin, babu wannan Alhaji a duniya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To in babu shi, wa ya ba shi kuɗin?" Ranar ko shafin farko ba mu ƙarasa ba.

Daga baya ta yanke wa kanta hukunci cewa duk mutanen cikin littafi mutanen wajen Zariya ne, shi ya sa ba ta san iyayensu ba. Na ce alhamdu lillahi, mun huta. Ashe sabon aiki ta buɗe min. Tun da mutane ne masu rai, to zancensu a bayan idonsu gulma ce. Ba wai ta daina ba ne, a'a, ita ce ma kan gaba.

"Matar nan tasa ƙazama ce," haka za ta katse ni. "Tun da aka fara labarin nan ban ji ta ɗauki tsintsiya ba."

Sai an zo tashi ta gyara zama ta haɗe fuska. "To, mun ci naman bayin Allah. Kowa ta yi istigfari." Haka za mu zauna muna neman gafara, wadda ta fi kowa ƙoshi da naman ita ke ja mana.

In kuwa wani ya mutu a labari, karatu ya tsaya ke nan. Akwai wani tsoho mai kiwon awaki da ta ƙaunata, marubucin ya kashe shi a tsakiyar littafi. Gwaggo ta yi salati, ta sa aka yi fatiha, ta share ido da gefen mayafi. Asabar ta gaba ta zo da ƙwaryar gumba, wai sadakarsa. Ta raba mana, ta fita ta raba wa masu karatun jarida a babban ɗaki, tana cewa su sa marigayi a addu'a, mutumin kirki ne, bai bar kowa ba sai awaki. Kafin la'asar mutane sun fara sallama a gidanmu suna yi wa mahaifina gaisuwa. Shi kuma bawan Allah yana amsawa yana kallona, yana jira in gaya masa wa ya rasa.

Malam Nafi'u ya yi haƙuri da ita iya haƙuri. Sau ɗaya ya gwada nuna mata allon da ke bango, ya ce cikin ladabi, "Gwaggo, nan wurin karatu ne, an rubuta a yi shiru." Ya manta ungozoma ce, rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ba ɗan Hansai ba ne? Ni na yanke maka cibiya. Ranar ka cika gida da ihu har maƙwabta suka leƙo, wa ya nuna maka allo?"

Bai ƙara ba. Har ma ya yi tunanin ya ja ta a jiki, ya gayyace ta ta yi wa yara tatsuniya a shirin da suke yi lokacin hutun makaranta. Ta ce sam, wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata yake yi a kasuwa, ita kuwa tana cin kasuwar Ajingi. Aka yi ta lallashi, sai ta kawo mafita: a rufe tagogi, a rataya zannuwa, a ja ƙofa, in ɗaki ya yi duhu ai dare ya yi. Wannan fa a tsakiyar bazara, ga shi ba wuta. Yara suka fito sharkaf kamar an tsamo su daga rijiya, suna roƙon a ƙara musu wata. Ni ce na kwashe yinin ina yi wa iyaye bayani.

Abin da ya kusa kashe mana karatun gaba ɗaya kuwa wani littafi ne a kan mutumin da ya cinye gonar marayun ɗan'uwansa. Mun daɗe a kansa, Gwaggo tana ta tara masa. A ƙarshe mutumin ya tsufa, ya kira yaran ya ba su haƙuri, suka yafe masa, labari ya ƙare. Na rufe littafi.

"Sai kuma me?" in ji ta.

"Shi ke nan, Gwaggo."

"Gonar fa?"

"Ba a ce ya mayar ba."

Ta miƙe ta naɗe tabarmarta, ta ɗora robarta a ka. "Ba zan zauna inda ake cin gonar marayu ana rufe littafi ba," ta ce, ta fice.

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Na ce yanzu ne za a yi karatu irin na mutane. Asabar ta zagayo, mata 'yan kaɗan suka zo. Ta gaba, ni kaɗai ce da benci. Sai Malam Nafi'u ya shigo da wata kujera mai ƙafa uku ya jingine ta a kusurwa, ya gaishe ni ya fita. Hankalina ya tashi. Na tafi gidan Ladidi, wadda ba ta taɓa fashi ba, kuma ta fara iya karanta sunanta da na 'ya'yanta.

"Malama, ba ƙin zuwa na yi ba," ta ce, idonta a ƙasa. "Maigidan ne ya ce dama don Gwaggo tana wurin yake bari. Ya ce taron mata in babu babba a ciki yawo ne."

A nan na ji abin da ban sani ba. Duk Asabar kafin ta iso, Gwaggo gida-gida take bi, ta tsaya a zaure ta ɗaga murya, "Ina matar gidan nan? Fito mu tafi." Wane namiji ne zai buɗe baki ya ce a'a ga matar da ta yi masa wankan farko? Wato ni ina can ina ganin littattafaina ne ke jawo mutane, ashe tsohuwar da ke hana ni ƙarasa shafi ce ke koro min su.

Haka na sayi goro na tafi biko, ni da ban taɓa korar kowa ba. Na same ta a tsakar gida tana matsar man gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta kalle ni ba.

"Gwaggo, ki yi haƙuri ki dawo."

"An mayar wa yaran gonarsu?"

"Littafi ne bugagge, ba ni na rubuta ba."

"Ba ki da biro?"

"Na hukuma ne, ba a rubutu a ciki."

"To a kirawo wanda ya rubuta, in ji daga bakinsa ko shi ma yana da kaso a gonar."

Na roƙa, na haɗa ta da Allah, na haɗa ta da kakata. Ta karɓi goron ta ce za ta yi shawara. Na tafi ina ƙunƙuni har gida.

Asabar sai ga ta, mata na biye da ita reras. Ta shimfiɗa tabarma, ta ce kafin a fara tana da sanarwa. "Na bincika. Mutumin nan, bayan an rufe littafi mai unguwa ya aika aka kira shi. Ya mayar da gonar, har da gyaɗar da ke cikinta. Kuma ƙafarsa ta kumbura." Ɗaki ya ɗauki hamdala. Ba wadda ta kalle ni ta tambaya ko gaskiya ne, ni ma na ja bakina na yi shiru. Har yau in ka tambayi Ladidi yadda littafin nan ya ƙare, da kumburin ƙafa za ta ƙarasa maka. Malam Nafi'u ya zo ya ɗauke kujerarsa.

Bara da kaka, ana cikin cirar gyaɗa, ciwo ya kwantar da ita. Bai ja lokaci ba. Ni na yi jinyarta, kuma duk zaman da muka yi ba ta yi min zancen laburare ko sau ɗaya ba, sai ƙorafin kunu ya yi ruwa, ko tsamiya ta yi yawa. Da ta cika, na san ba ita kaɗai muka binne ba. Wa zai tsaya a zaure ya kira matan mutane? Ni dai ban isa ba.

Asabar ɗin da ta biyo bayan sadakar arba'in na shirya na tafi, ba da littafi ba, da niyyar in ce wa Malam Nafi'u ya shigo da kujerunsa, na gode. Ina karyo kwana na ga babura a ƙofar laburare, mata na sauka suna gyara hijabi. Mijin Ladidi, Sani mai faci, yana tsaye riƙe da babur ɗinsa, fuskar nan a murtuke.

"Malama, ya ƙarin haƙuri?" ya ce. "Kada ki ga kamar yin kanmu ne. Tana kwance, duk sanda kika tafi makaranta sai ta aika a kira mu, ɗaya bayan ɗaya. Mun zaci addu'a za ta yi mana. Sai ta ce wasiyya ce: wanda ya hana matarsa karatun Asabar ba ta yafe masa ba, su haɗu a gaban Allah. Ni har ƙari ta yi min, wai ni zan riƙa kawo ta da kaina, kada in ce rana ta yi zafi."

Ya ɗan sosa ƙeya.

"Ke ma akwai naki. Ta ce ta san halinki, saurin karaya gare ki, ana gama arba'in za ki zo ki ce a rufe. Ta ce mu jira ki a ƙofa, mu gaya miki ke ma in kika rufe ba ta yafe ba."

Ku ji min mata. Na yi mata jinya, na dama kunu an raina, ashe ina juya baya shirya min tarko take da mazan unguwa. Na tsaya a wurin haushi ya cika ni, hawaye kuma ya ƙi tsayawa, har Ladidi ta zo ta kama hannuna ta ce, "Malama, mu shiga, an fara rana." Na aro littafi a wurin Malam Nafi'u, na buɗe, na fara karanta musu.

Allah ya jiƙan Gwaggo Dije, ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta. Ya Allah, ta tafi tana riƙe da yafiyarta a kan mutane don matan nan su samu hanyar fita su koyi karatu. Kai kada ka riƙe mata taka.