Auduga a Kunnen Mai Janareto

Ta ragar shinge nake kallonsa, a bayan ginin nan marar taga inda manyan kwamfutoci ke ajiye saƙonnin jama'a. Dattijo ne siriri, rigarsa ta sha baƙin mai, yana tsugune gindin janareto mai girman ɗaki. Ƙarar injin har cikin haƙorana nake jin ta, amma auduga kawai ya cusa a kunne. Abin kare kunne na gaske yana kulle cikin akwatin gilashi, sai ranar da manyan baƙi za su zo.

Ga shi ya fito bakin ƙofa da waya a hannu, 'yarsa ce ke kira. Ya zare audugar, ya kara wayar a kunnen dama, ya mayar na hagu.

"Uwata, ɗaga murya! Me likitan ya ce?"

Ni da ke gefe ina jin yarinyar tana kuka. Shi kuwa murmushi yake.

"To madalla, Allah ya yi miki albarka."

Don kada saƙon kowa ya yanke aka cinye kunnen bawan Allahn nan. Yau ga nasa ya iso, bai ji ba. Allah ya isa!