Tayoyin Zaidu Mai Ɗaki

Ranar marka ake yi. Ruwa ya fara tun kafin kiran sallar asuba, ba mai ƙarfi ba, irin wanda yake yi yana hutawa, sama duk ta yi toka-toka, ƙasa ta sha har ta gaji tana mayarwa. A irin wannan rana direban da ya san ciwon motarsa ba ya sauka daga kan kwalta. Mu kuwa a ranar muka sauka, ni da Zaidu, muka nufi rugagen da ke bayan Auna.

Zaidu ɗan Kontagora ne, maƙwabcina. Ya yi tuƙin haya shekaru, daga baya ya bari ya kama sayar da maganin dabbobi. Bai buɗe shago ba. Tsohuwar bas ɗinsa ya cire wa kujerun baya, ya sa kafinta ya kafa masa gado da kabad na jera magani, ya ajiye durom na ruwa da ɗan risho. In ya fita sai ya yi kwanaki yana bin rugage, inda yamma ta same shi nan zai kwana. Shi ya sa ake ce masa Zaidu Mai Ɗaki. Ni kanwa da gishirin lasa nake sayarwa, tun da gwiwata ta ƙi hawan babur yake ɗaukata, bai taɓa nuna mini na yi masa nauyi ba.

Damina ce ciwon kansa. Da ruwa ya zauna sai motar ta riƙa kafewa, ga shi lokacin ne shanu suka fi ciwon ƙafa. A shekarar da nake magana sai ya samo tayoyi na hannu, manya, masu haƙora kamar na tarakta, aka ce na wata motar daji ce da ta mutu. Ya kai wa Silas mai faci. Don jak ya iya ɗaga motar, suka sauke komai na ciki, har gadon. Da aka ɗaura tayoyin suka zaga gari da ita wayam, suka shiga wani kwatami da gangan suka fito, Silas yana dukan rufin mota yana ihu.

"Mai Ɗaki, yanzu ko Kogin Kwara ka shiga sai dai kifi ya ba ka hanya!"

"Kai dai ɗaure notin da kyau, arnen mai faci," in ji Zaidu, su duka suna dariya. Haka suke tun suna samari.

Ba wanda ya yi tunanin gwada ta da kaya a ciki. Tsohuwar safaya kuma ƙarama ce, ba ta dace da sababbin ba, sai Zaidu ya bar ta a zauren gidansa.

A hanyar zuwa tayoyin sun yi abin da aka saye su dominsa. Wuraren da muka saba fita mu tura, sai motar ta yi gurnani ta wuce. Lokaci-lokaci in mun faɗa rami nakan ji wani ƙuuu daga baya. Na gaya masa, ya ce laka ce take gogar ƙarfe.

Mun isa rugar Jumare bayan azahar, muka tarar ba kowa a wajen shanu. Jumare dattijo ne, shi ne babba a wurin, ya taryo mu ba tare da doguwar gaisuwa ba. Ya ce igiyar ƙasa ta taɓa Giɗaɗo, ɗan ƙaninsa, tun da safe a bakin rafi. Ba su faɗin sunan maciji in ya yi sara. Matasan rugar duk sun tafi kasuwar Auna da baburansu, waya kuma ba ta shiga.

Giɗaɗo yana zaune a bukka, ya jingina da turke, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Ya amsa gaisuwarmu daidai, har da tambayar mutanen gida. Ya ce da sauƙi. Amma da ya juya ya tofar da yawu sai na ga ja ne. Zaidu ya tsuguna ya ɗaga masa leɓe, dasashinsa yana tsatstsafar jini.

"Baffa, kububuwa ce," Zaidu ya ce wa Jumare a hankali. "Ni na shanu na sani, ba ni da na wannan. In bai samu allura a asibiti yau ba, jinin ba zai tsaya ba. A ɗauko shi."

Aka shimfiɗa shi a gadon Zaidu. Mutanen nan kuwa ba su barin mara lafiya ya tafi gari shi kaɗai, abin kunya ne a ce an kai naka asibiti kana gida. Maryam matar Giɗaɗo ta shiga, Jumare ya shiga, sai ƙannen uban mara lafiyan da gwaggonninsa, kowa da ƙunshin tabarma da ƙwarya. Mahaifiyarsa Hajjo ce ta ƙarshe, ta zauna can bakin ƙofa ta ba gadon baya. Giɗaɗo ɗan farinta ne. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Zaidu ya dubi yadda motar ta cika. Shekaru yana shan nonon mutanen nan, bai iya cewa wani ya sauka ba.

Ba mu yi nisa ba ƙarar nan ta dawo, wannan karon ba ta ɗaukewa. Sai warin roba mai ƙonewa. Zaidu ya tsaya a gindin wata ɗorawa, muka fita cikin yayyafi. Nauyi ya danne motar har madigadi, wato ƙarfen nan da ya yi rumfa a kan taya, ya zauna a kan tayoyin baya. Bakinsa ya yanka wani layi a jikin ta hagu, zagaye guda, hayaƙi yana tashi. Zaidu ya sa yatsa a ciki, yatsan ya shige.

"Baba, in ta fashe a nan shi ke nan," ya ce mini ƙasa-ƙasa. "Ba safaya. Kwalta kuma da saura."

Bai jira na ce komai ba. Ya buɗe baya ya mirgino durom ɗin ruwa ƙasa. Buhunan kanwata suka bi. Ya fincike kabad daga kusoshinta, kwalaben maganin da su ne abincinsa suna zubewa cikin ciyawa. Aka ɗaga Giɗaɗo da katifa, aka zare katakon gadon aka jefar. Ya ɗauki sifanar taya ya riƙa dukan bakin madigadin yana lanƙwasa shi waje, har hannunsa ya fashe. Ya sake leƙawa. Ƙarfen ya ɗaga, amma ko tafin hannu ba ya shiga tsakani. Da an faɗa ramin farko zai sake zama a kan tayar.

Ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa yana bin fuskarsa. Mutane suka zuba masa ido. Daga ciki Giɗaɗo ya yi tari, Maryam ta goge masa baki da gefen zanenta, zanen ya yi ja.

"Baffa," Zaidu ya fara, "motar nan..."

Hajjo ce ta zuro ƙafa ta sauka. Ba ta waiwaya wajen katifar ba. Ta ɗora ƙunshinta a ka.

"Ni dama Maryam na rako," ta ce. "Na bar maruƙa ba kowa."

Da uwa ta sauka, ba wanda ya iya ci gaba da zama. Ɗaya bayan ɗaya suka fito, aka bar Jumare yana tallafe da kan Giɗaɗo, da Maryam. Ni ma na ce zan tsaya da kaya. Motar ta ɗaga, Zaidu ya zura hannu har wuyan hannu ya shige. Ya tafi a hankali, yana kauce wa ramuka, bayan motar yana rawa.

Muka tattara magungunan muka rufe da tamfal. Sauran suka fara jidar kaya a ka suna mayarwa ruga. Hajjo da ta ce ta bar maruƙa ba ta tafi ba. Ta zauna a saiwar ɗorawa, ta karkata kai wajen da motar ta bi, har bayan ƙarar ta ɓace. Ta tsinko ciyawa tana yayyagawa ƙanana-ƙanana. Na yi la'asar a kan katakon gadon Zaidu. Duk bayan ɗan lokaci nakan hau wani suri da ke kusa in ɗaga 'yar wayata, ba komai.

Rana tana gab da faɗuwa wayar ta yi ƙara. Zaidu ne, muryarsa tana yankewa. Ya ce tayar ta kai su kwalta, ta kai su har shigar gari, a nan ta fashe. Bai tsaya ba, a kan wili, ƙarfe tsura ba roba, ya ƙarasa ƙofar asibiti, mutane suna yi masa ihu. An samu allurar, an fara sa masa, ma'aikaciyar ta ce sun zo a kan lokaci.

Na sauko daga surin. Hajjo tana tsaye, amma idonta yana ƙasa.

"Malam," ta ce, "motar mutumin nan ba ta lalace ba?"

"Taya ɗaya ta tafi, Inna. Amma duk wanda ke ciki ya isa, kuma an karɓe shi."

"To, Allah ya mayar masa," ta ce. Ta juya ta fuskanci daji, ta daɗe a haka, sannan ta ɗauki kwalin magani mafi nauyi ta ɗora a ka, muka bi ta zuwa ruga.

Giɗaɗo ya tashi, sai dai ƙafar takan yi masa tsami in an yi sanyi. Silas ya sa an yanke madigadin baya, an ƙara wa motar sifirin don ta ɗaga daga kan tayoyi, kuma kafin Zaidu ya karɓe ta sai da suka cika ta da buhunan masara suka sake shiga kwatamin nan. Zaidu yana nan Kontagora tare da iyalinsa, har yanzu yana bin rugagen Auna da Ibeto da bas ɗin, safaya babba ɗaure a kan rufi.